Zaren Ƙofa ta Bakwai

Kura, 4 ga Fabrairu

Yaya Surayya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Salim da yara, da kuma fama da karatu. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya fara zuwa gona a bayan babur. Maiɗakina Hajara tana gaishe ki. Ranar Juma'a na je Dawakin Kudu na gaida kakarki Hajiya Barira. Ta ce in faɗa miki tun da kika koma Malesiya sai muryarki take ji a waya, kuma da yayanta, wato kakana, yana raye, da ya sa an ɗauko mata jikarta ko a buhu ne.

Dalilin wasiƙar shi ne na'urar rabon ruwa ta ƙungiyar manomanmu, wadda kika taya mu aikinta sati biyu lokacin da kika zo hutu shekara huɗu da suka wuce. Kamfanin da ya haɗa ta ya daɗe da tattara komatsansa, ni kaɗai aka bar wa. Bari in tuna miki tsarin. Ƙofofin ruwa goma sha biyu ne a kan magudanarmu, kowace da ɗan ma'auni a jikinta. A cikin manhajar kowace ƙofa tana da zarenta, wanda ba shi da aiki sai lura da ita, yaushe aka buɗe, yaushe aka rufe. Baba yana ce musu masu gadi goma sha biyu a cikin akwati. In na'urar ta daskare, sai in buɗe dibaga, manhajar da muke leƙa cikinta da ita, in ce ta nuna min zare kaza.

To, bayan sallah za a ƙara ƙofofi huɗu. Na shiga kod ɗin dibagar, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, don in yi musu wuri, sai na tarar wajen neman zaren ya cakuɗe, na rasa ta inda zan kama. Na haɗo miki shi duka. Don Allah ki duba ki gyara masa tsari, ba sai kin canza aikinsa ba.

Labari mara daɗi kuma: an kori Malam Habibullahi, mai kula da ƙofa ta bakwai. Ranar ruwansa Asabar ce. Laraba ta ƙofa ta takwas da ta tara ce. Wata Laraba a watan jiya ruwa bai isa ta tara ba, tumatirin mutum goma sha ɗaya ya ƙone yana cikin fure. Suka ce shi ya buɗe tasa ya shayar da shinkafar Alhaji Abbas. Ya rantse ya kuma rantsewa. A ranar na'urar ta daskare ba ta rubuta komai ba, sai na leƙa da dibaga, na ga an buɗe ta bakwai awa shida cur. Ni na karanta wa kwamiti. Mutumin da yake jan mu salla a bakin gona, Yaya! Wallahi ko hanya muka haɗa sai in kau da kai.

Ƙaninki,
Taufiq

Kuala Lumpur, 11 ga Fabrairu

Taubashina,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da sauƙin Baba, a ce masa kada ya yi gaggawar taka ƙafar. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura, ta warke. Ka ce wa Hajiya buhun ya zama na shinkafar Kura, in ba haka ba ba zan shiga ba.

Na buɗe abin da ka aiko bayan na ci abinci, kuma na yi nadamar cin abincin. Taufiq, wannan ba kod ba ne, juji ne. Aiki ɗaya tak ake so, a nemo zare. Amma wuri uku daban ake yin sa, kowanne da son ransa. Na farko yana nema da suna, sai dai in ka rubuta sunan da babban baƙi ba ya ganewa. Na biyu kwafin na farko ne aka liƙa a wani wurin, aka gyara kuskure ɗaya a nan aka bar shi a can. Akwai layi arba'in da aka kashe aka bar gawarsu a tsakiyar hanya. Akwai wani abu da aka sa wa suna "abu2". Ina abu na ɗaya? Babu shi!

Na ukun shi ya fi ba ni ƙyama. Ba ya tambayar sunan zare, ba ya tambayar lambar shaidarsa. Ƙirga layi kawai yake yi. Ka ce masa biyar, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya miƙo maka duk wanda ya tarar a tsaye a na biyar. In wani zare na gaba ya mutu ya fita daga layin, kowa ya matso, shi kuma ko a jikinsa, ya miƙo maka na shida yana ce masa na biyar. Kuma umarnin da ke nuna abin da zare yake riƙe da shi, da wannan yake aiki.

Duk wanda ya rubuta wannan, a ƙwace kwamfutar a ba shi fartanya, can ya fi amfani.

Ga shawarata. A rushe ukun, a gina ɗaya. Ya riƙa nema da lambar shaida kaɗai, in bai samu ba ya ce babu, kada ya ɗauko maƙwabci. Duk inda ake buƙatar zare a bi ta wannan ƙofa. Amma ba zan taɓa ba sai ka aiko min da tarihin gyare-gyaren, don in san dalilin kowane shirme kafin in share shi.

Batun Malam Habibullahi ya ba ni mamaki. Shi ne fa ya ba ni kwandon albasa ranar da zan koma. Allah ya shirye mu.

Yayarka,
Surayya

Kuala Lumpur, 2 ga Maris

Taufiq,

Sallama da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya.

Sati uku ke nan ba amsa. Na kira sau biyu ba ka ɗauka ba. Na tambayi Umma ko wani abu ya faru a gidan, ta ce an gan ka a Kwanar Gafan kana lodin tumatir, garau da kai. Saboda haka fushi kake yi.

In maganar fartanya ce, ka ba ni kunya. Tun muna yara nake ce maka abin da ya fi wannan, kai ma kana ramawa, kakanninmu suka bar mana wasan. Yanzu don ina ƙasar waje sai maganata ta zama raini? Na ajiye aikin da malamina yake jira na zauna kwana biyu a kan jujinku. In ba ka so, ka faɗa min in san na huta.

Surayya

Kura, 6 ga Maris

Yaya Surayya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Baba yana takawa da sanda yanzu. Ki yi haƙuri da shirun.

Gaskiya ne maganar fartanya ta sosa ni. Biyu daga cikin ukun nan ni na rubuta su, na suna da kwafinsa, har da "abu2". Na rubuta su a ofishin ƙungiya, fanka ba ta juyawa, manoma ashirin a bakin ƙofa suna tambayar yaushe ruwa zai zo. Kuma fartanyar da ita nake ci da iyalina. Kwana biyu na yi ina jin haushinki. Amma ba shi ya hana ni rubutu ba.

A kwana na uku na sake karanta wasiƙarki don in samo abin da zan rama da shi. Sai idona ya tsaya a inda kika ce in zare na gaba ya mutu kowa sai ya matso. Yaya, a satin da tumatirin nan ya ƙone, ma'aunin ƙofa ta uku a mace yake. Shanu sun taka wayarsa sun tsinke ta, sai bayan kwana tara na samu na haɗa. In ma'auni ya mutu zarensa ma mutuwa yake.

Kin ga inda na dosa. Na ce wa dibaga ta nuna min bakwai. In lissafinki daidai ne, takwas ta nuna min. Ita kuwa takwas ranarta ce Laraba, dole a gan ta a buɗe awa shida.

Na tashi daga kan kujerar na fita bayan ofis. Ni na tsaya a gaban kwamiti da kwamfuta a hannu. Malam Habibullahi ya dube ni ya ce, "Taufiq, ɗana, sake dubawa." Na ce masa, "Malam, na'ura ba ta ƙarya." Mutane suka yi sowa. Wani daga cikin masu tumatirin ya tofa masa yawu a riga, ba wanda ya ce don me. Daga ranar aka daina ba shi limanci, aka canza wa yara uku makarantar allo daga gidansa. Yanzu yana tsinkar albasa a gonar wani a Bunkure, ana biyansa da yini.

Sati biyun da suka biyo baya ina ta neman hanyar da za ta nuna ba haka ba ne. Na ce ƙila ta uku ta mutu bayan ranar. Na duba saƙon da na aika wa mai sayar da waya, kwanan watan ya ƙaryata ni. Na shiga magudanar da ƙafata tsakanin ta takwas da ta tara, na tarar ciyawa da kacala da laka sun cushe ta, ruwan da ke wucewa bai kai na alwala ba. Watau babu wanda ya saci komai. Ciyawa ce ba mu nome ba.

Abu ɗaya ya rage. A ranar na adana hoton ƙwaƙwalwar na'urar gaba ɗaya, yadda take a daskare. Na haɗo miki shi tare da tarihin gyare-gyaren da kika nema. Ba na son in buɗe shi da dibagar da ta riga ta yaudare ni, kuma ban yarda da hannuna ba. Ki gyara, ki buɗe, ki faɗa min abin da zaren ƙofa ta bakwai na gaskiya yake riƙe da shi. Na ukun nan dai ba ni na rubuta ba, ina jin mutanen kamfanin ne, Allah ya isa tsakaninmu da su.

Taufiq

Kuala Lumpur, 13 ga Maris

Taufiq,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da shiga azumi, Allah ya karɓa mana. Muna lafiya. Ka gaida Baba da Hajara.

Ka janye Allah ya isan nan, don a kaina ta sauka.

Na bi tarihin layi-layi ina neman sunan ɗan kamfanin da zan tsine wa. Na isa kan mai ƙirga layin, sai ga sunana. Ranar ashirin da shida ga Agusta, shekara huɗu baya, kwana ɗaya kafin in bar Kura. Har da bayanin da na bari da hannuna: "Na wucin gadi ne, zan gyara kafin in tafi." Na tuna ranar sarai. Ana jira na a gida za mu je sallama da dangi, dibagar ta ƙi nuna komai, na ce bari in yi dabara ta minti goma. Ta yi aiki, kuka yi min tafi, na tafi ina jin kaina gwana. Ban sake tunawa da ita ba ko sau ɗaya. Na zauna ina karanta wasiƙar da na aiko maka ina zagin mai wannan aiki, kunya kamar ƙasa ta tsage. Naka biyun munana ne, amma ba su cuci kowa ba. Nawa ne ya ci mutuncin dattijo.

Na yi gyaran. Wurin neman zare yanzu ɗaya ne, layi goma sha tara. Da lambar shaida yake nema. In zaren ya mutu sai ya ce ya mutu, ya tsaya. Duk abin da zai nuna sai ya fara rubuta sunan ƙofar a sama, yadda ko Baba zai iya karantawa. Na share ukun da gawarwakin layukan, na gyara wuri goma sha huɗu da suke kiran su. Na kuma rubuta gwaji da ke kashe zare ɗaya da gangan ya ga ko za a miƙo maƙwabci. Tsohon kod ya faɗi gwajin, sabon ya ci. Ƙofofinka huɗu za su shiga ba wahala.

Sannan na buɗe hoton ranar. Zare goma sha ɗaya ne a raye, babu na uku. Ƙofa ta takwas: an buɗe Laraba, awa shida. Ƙofa ta bakwai: an rufe ranar Asabar da la'asar, ba a sake taɓa ta ba.

Na haɗo maka takardar da na rubuta wa kwamiti da Hausa mai sauƙi, da sa hannuna, na faɗi cewa kuskuren daga aikina ya fito. Ka karanta musu a wurin da aka karanta ta farko, a gaban mutanen da suka ji ta farko. Kada ka ɗauki laifin kai kaɗai, kada kuma ka bari a ce laifin na'ura ne. In Malam zai yarda ya yi magana da ni a waya, ina roƙo.

Surayya

Kura, 29 ga Maris

Yaya Surayya,

Assalamu alaikum. Ya ibada? Muna lafiya, sai zafi. An fara yankan alkama, shinkafa kuma ta yi kyau. Baba ya ajiye sandar.

Na ɗora gyaranki, yana aiki lafiya. Na kashe ma'aunin ta biyar da hannuna don in gani, ta ce min ta biyar ta mutu, ba ta miƙo kowa ba.

Na kai wa Alhaji Baballe, shugaban ƙungiya, takardarki. Ya karanta sau biyu, ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce, "Wa da wa suka san wannan?" Na ce ni da ke. Ya ce, "To a bar shi haka. In manoma suka ji na'ura tana kuskure, gobe kowa zai ɓalle ƙofa ya ce ba a yarda da ita ba. Habibu kuma za mu san yadda za mu yi da shi a hankali." Na ce ranka ya daɗe, a bainar jama'a aka tozarta shi. Ya ce, "Kai ka tozarta shi ai. Kana son a san haka?"

Na fito ina jin kamar na taka kashi. Abin da ya fi ba ni ƙyama, na yi kwana biyu ina auna maganarsa, ina ganin kamar da gaskiyarsa.

Ranar taron wata na miƙe ba tare da an ba ni izini ba. Takardar tana aljihun Alhaji, amma ina da kwafi a waya. Na karanta har ƙarshe, na ƙara da nawa, na ce ni na ba da shaida ban bincika ba. Na ce duk mai shakka ya bi ni magudanar ya ga kacalar da idonsa. Sai wani ya ce, "Ashe na'ura ce ta yi kuskure." Kowa ya kama wannan ya riƙe. Na'ura ce, na'ura ce, Allah ya kiyaye gaba. Wanda ya tofa yawun yana zaune a layin gaba yana jan carbi, ya ce ai shi ma tumatirinsa ya ƙone, a duba nasa ciwon. Aka yanke a yi gayyar yashe magudana ranar Lahadi, a kuma ce wa Malam ya dawo bakin aikinsa. Ba wanda ya ce a je a ba shi haƙuri. Aka shafa fatiha aka watse.

Washegari da hantsi na hau babur na tafi Bunkure. Na same shi a tsugune cikin albasa, da azumi a bakinsa, rana tana dukansa. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga shanun da suka tsinke waya har sunanki da nawa. Bai daina aiki ba sai da na gama. Sannan ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Yarinyar nan ta Barira? Ka ce mata ba sai ta kira ba, na yafe mata. Aiki ta yi ya zo da gyara. Kai ma na yafe maka, tunda ka tako."

Na ce kwamiti sun ce ya dawo, sun gane na'ura ce ta yi kuskure.

Ya dube ni ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina riƙe da makullin ƙofar nan. Akwati ya yi magana sau ɗaya, ba a samu mutum guda da ya ce a dakata, mun san Habibu ba. Wanda ya tofa min yawu, shi ma na'ura ce?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ƙofar na ajiya, wanda ba su tuna sun karɓa ba ranar da suka kore shi, ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce in kai wa Baballe, in ce masa ya gode. Ya juya ya ci gaba da tsinkar albasarsa.

Makullin yana nan a kan teburina, kwana shida ke nan. Alhaji ya aiko sau biyu yana tambayar yaushe Malam zai fara. Na ce masa in yana son Malam ya dawo, ya zo in ɗauke shi a babur mu je Bunkure, ya roƙe shi da bakinsa ya karɓi makullin. Har yanzu bai zo ba. Gobe Asabar, ranar ruwan ta bakwai, ni zan je in buɗe musu.

Ƙaninki,
Taufiq